Raƙumin da Mubarik Bai Saya Ba

Ranar da Fiddausi ta fara zuwa ajin Malam Mijinyawa a unguwar Ain Khaled da ke Doha, a bakin ƙofa ta ci karo da wani dogon saurayi, hular kwano a hannu ɗaya, ledar abinci a ɗayan. Ta ɗauka mai kawo oda ne. Kuma da gaskiyarta, aikinsa ke nan.

"Bawan Allah, ajiye a nan, an gode."

Ya yi murmushi. "Wa ya gaya miki naku ne? Abincina ne. Ni ma ɗalibi ne."

Daga cikin falo wata murya ta ce, "Yarinya, kin faɗi darasin farko tun ba ki cire takalmi ba. Kin gani, kin yanke hukunci, ba ki tambaya ba. Shigo."

Malam Mijinyawa ke nan, tsohon hannu a aikin jarida. A gidan rediyo ya fara a Kaduna, da rakoda rataye a kafaɗa. Ya bi zaɓe, ya bi ambaliya, ya sha barkonon tsohuwa har ya san na wace ƙasa ya fi yaji. Da wani babban gidan talabijin ya ɗauko shi zuwa Doha, ya duba ɗakin labarai, baƙaƙen fata ba su cika yatsun hannu ba. Maimakon ya zauna ƙorafi, sai ya buɗe falonsa duk Juma'a bayan la'asar, yana koyar da yaranmu aikin kyauta. Dokarsa ɗaya ce: "Wa ya gaya maka? Shi kuma wa ya gaya masa?"

Saurayin kuwa Mubarik ne, ɗan Zangon Kumasi. Da rana yana raba abinci a babur, da ya samu sarari yana koyon ɗaukar hoto da rubuta rahoto. Malam ya haɗa su aiki ɗaya. To, ka ajiye auduga kusa da wuta, ka ce me?

Kafin zafin bana ya sauka, saƙonninsu sun bar zancen aji.

"Majiyata mai tushe, rahotanni na cewa wani ɗan Kumasi ya kasa cin abinci saboda wata 'yar Katsina."

"Wa ya gaya maka?"

"Zuciyata."

"Majiya ɗaya ce, kuma tana da son kai. Nemo ta biyu."

"Taki fa?"

"Ta nemi a sakaya sunanta."

Mahaifinta, Dakta Usaini, likita ne, mutum mai son a kira shi da Daktansa ko a masallaci. Da aka kai masa maganar, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai taɓe baki ya ce za a yi bincike. Shi ransa na ga Umar Faruq, injiniyan gas mai sabuwar mota, wanda ya shiga ajin Malam ba don jarida ba, sai don kujerar da ke kusa da Fiddausi.

Ana nan, sai wata Juma'a shirin jarrabawa ya hana Fiddausi zuwa. Ranar kuwa Malam ya yi gwajin da yake wa kowane sabon aji. Yakan ƙirƙiri ƙarya mara cutarwa, ya raɗa wa ɗalibi ɗaya, a zama na gaba ya ga wa ya bincika, wa ya yaɗa. Ya ja Mubarik gefe.

"Ɗana, ara mini sunanka. Zan ce ka sayi raƙumi. Amma ka yi alƙawari ba za ka ƙaryata ba sai na tona da bakina."

"Raƙumi, Malam? Ni da ko akuya ban taɓa kiwo ba? Na yi alƙawari."

Malam ya raɗa wa Umar Faruq. Washegari kuma ofis ya tura Malam ɗauko rahoto wata ƙasa, aji ya tsaya, raƙumi ya kama hanya ba akala.

Wata safiya Dakta Usaini ya kira 'yarsa, fuska a murtuke.

"Binciken ya ƙare. Yaron nan ɗan caca ne. Yana da raƙuman tsere a Shahaniya, ya gudu daga hannun kafil ɗinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, 'yan sanda na nemansa. Khalas, magana ta ƙare! Kada in sake jin sunansa a gidan nan."

"Abba, mai raƙuma ne zai yini yana raba shawarma a rana?"

"Ɓad da kama ke nan! Ke yarinya ce."

Ta shige ɗaki, ta ɗauki waya ta rubuta: "Mubarik, tsakaninka da Allah, kana da raƙumi?"

Amsa ta daɗe kafin ta zo. "Hasken idona, ba zan iya cewa komai a kan wannan batu ba a yanzu."

Ta kalli wayar. Amsar da Malam ya ce marasa gaskiya ke bayarwa ke nan! Ta rubuta: "To, raƙumin ya aure ka." Ta kife wayar, ta sha kukanta.

Da kukan ya lafa, hankali ya dawo. Ta wanke fuska ta koma falo.

"Abba, don Allah, wa ya gaya maka?"

"Kowa ya sani."

"Kowa ba suna ba ne, Abba."

Ya gyara gilashi. "Uwarki ce."

Hajiya Atine tana kicin. Ta ce, "Ni raƙuma biyu na ce, da caca, da zancen kafil. Zancen 'yan sanda ban san inda Abbanki ya samo shi ba. Sanatu ce ta gaya mini."

Anti Sanatu 'yar Ghana ce mai dafa abincin biki a Mesaimeer. Fiddausi ta same ta tana juya tukunyar shito, miyar barkonon Ghana, yaji ya cika gida.

"Ni? Raƙumi ɗaya na ce, wallahi! Cacar kam ni na yi tunani, don wa zai sayi raƙumi a garin nan ya zauna yana kallonsa? Injiniyan nan mai turare ne ya gaya mini, da ya zo karɓar wake da shinkafa."

Umar Faruq da jin tambayar ya fara gyaran wuyan riga. "Ni ban ƙara komai ba. Na dai ce mai yiwuwa kafil ɗinsa bai sani ba."

"Wa ya gaya maka?"

"Babbar majiya."

"Umar Faruq."

Ya sunkuyar da kai. "Malam."

Da Malam ya dawo, a ƙofar gidansa ya tarar da Fiddausi. Ta zayyana masa komai. Dattijon ya dafe kai, ya yi salati, sai kuma dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Raƙumina ya haihu a hanya! Shi kuma sakaran bai faɗa miki ba?"

"Cewa ya yi ba zai iya magana ba."

Dariyar ta tsaya. "Yalla, maza ɗauko gyalenki. Ni na ɓata, ni zan gyara. Kira shi ya same mu gidanku."

A falon Dakta, Mubarik ya zauna a ƙasa, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Malam ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ba da haƙuri, sannan ya ce, "Fiddausi, karanto mana rahotonki."

Ta sunkuyar da kai. "Malam ya saki raƙumi ɗaya. Umar Faruq ya ɗora masa kafil. Anti Sanatu ta ɗora caca. Umma ta mai da shi biyu."

Malam ya ce, "'Yan sandan fa?"

Kowa ya juya ya kalli Dakta. Dakta ya kalli silin.

"To, ai ni... idan mutum na caca, ba 'yan sanda za su neme shi ba?"

Hajiya Atine ta ce, "Har guruf ɗin 'yan Najeriya na waya ka tura, Dakta."

"Atine, ba a tambaye ki ba."

Malam ya ce, "Dakta, da mara lafiya zai zo ya ce maƙwabcinsa ya ce ciwon hanta gare shi, za ka rubuta magani?"

"Sai na yi gwaji."

"To."

Dakta ya daɗe yana kallon Mubarik. "Kai kuma, kalma ɗaya za ka faɗa ka huta. Me ya hana ka?"

"Baba, na yi alƙawari. Malam ya ce ɗan jaridan da ya saki amanar majiya sau ɗaya, ya gama aiki. Amma wallahi ban san alƙawari na hana barci ba sai yanzu."

Dakta ya yi gyaran murya. "Mutumin da ya riƙe alƙawarin raƙumin da babu shi, ina ga zai riƙe 'yar mutane. Ka turo magabatanka."

Malam ya ce, "Saura gyara. A aikinmu, inda ka buga kuskure, nan kake buga gyaransa."

Haka Dakta Usaini, yana gumi a cikin sanyin na'ura, ya rubuta a guruf: "Gyara: Mubarik ba shi da raƙumi, bai taɓa yin raƙumi ba. Surukina ne." Umar Faruq ya fice daga guruf ɗin a ranar, ajin ma bai sake leƙowa ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Fiddausi. "Majiyata, har yanzu raƙumin ne zai aure ni?"

"An janye wannan rahoton. Muna neman afuwar wanda abin ya shafa."

Kafin biki, Malam ya kai hotunan Mubarik da rahoton Fiddausi gaban editocinsa, aka ɗauke su koyon aiki su biyun. Aka ɗaura aure a wani masallaci a Nu'aija, kawun Mubarik ya taso takanas daga Kumasi. Da liman ya ce shaidu su shaida, Malam ya ɗaga murya: "Na ji da kunnena, na gani da idona, ga majiya cike da masallaci. Wannan kam a yaɗa!"

A wajen walima Anti Sanatu ta buɗe babbar tukunya, gudummawar Malam. Dakta ya ɗanɗana ya ce, "Wannan naman fa?"

Malam ya ce, "Raƙumin surukinka ne, Dakta. Mun kama shi."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, masu tambaya kafin su faɗa. Mu kuma Allah ya tsare mana bakinmu da yatsunmu. Amin.