Busasshen Bangon Sito

"Kai ka ɗaure mini miji a banza, Sufeto. Kai da bakinka ka ce ɓarawo ne."

Matar maigadi ce tsaye a gaban teburinsa, ko sallama ba ta yi ba. Kwana huɗu ke nan da aka kawo rahoton an huda bangon siton wani kantin magani ta baya, an zare kwalaye. Sufeto ya je, ya ga rami mai faɗin faranti, ya ga tsohon da ke gadin wurin, ya bi shi har gida ya sa masa ankwa a gaban jikokinsa. Iyakar binciken da ya yi ke nan.

"Iya, zauna mana."

"Ban zo zama ba. Ka taɓa bangon nan da hannunka?"

Bai taɓa ba. 

"Ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Amma shekara goma sha biyar ina ɗibar wa masu huda bango ruwa a wuraren gini. Injin nan ba ya cin kankare sai da ruwa. Tashi mu je."

Ya tashi kuwa, kurata suna kallo.

A bayan siton ta kama hannunsa ta shafa a ƙasan ramin. Bango a bushe, jan bulo tsaf, babu ko ɗigon taɓo. Gefen ramin ya ɓantale, ɓarɓashin ya zubo waje.

"Inda mai aiki ya tsaya, nan taɓo yake gangarowa," ta ce. "Inda bakin injin ya ɓullo, nan bango yake ɓantalewa. Wannan ɓullowa ce, daga ciki aka huda."

Sufeto ya sake shafa gefen ramin.

Suka zaga ciki. Manajan kantin ya tarbe su da fara'a da kujera.

"Ranka ya daɗe, ai na ɗauka magana ta ƙare."

"Matsar da kantar can," in ji Sufeto.

"Tana da nauyi fa."

"Iya, kama mini," in ji Sufeto. Suka ture ta su biyu.

Ta ciki bangon kankare ne. Daga ramin har ƙasa ga layin taɓo toka-toka an goge shi, bai gogu ba. Kamu ɗaya ƙasa da ramin akwai wani ɗan gurbi da aka toshe da sabon siminti.

"Wannan fa?" in ji Sufeto.

"Gurbin tsohuwar ƙusa ne, na rataya kalanda," in ji manaja.

"Kalanda a gwiwarka?" in ji tsohuwa. "Nan ake ɗaure ƙafar inji da noti. Ka tambayi Gwani mai huda bango, shi kaɗai ke da bakin inji mai wannan faɗi a nan kusa."

Gwani yana rumfarsa yana wanke bakunan inji. Da ya ga kaki sai ya ce ya fi wata bai yi aiki ba.

Sufeto ya duba tarin gumaguman da inji ke cirowa daga bango, an jera su a gefe: na dutse, na bulo, na kankare. Ya ɗauko guda, rabinsa kankare, rabinsa jan bulo, da fentin siton a goshinsa.

"Wannan daga sama ya faɗo?"

Gwani ya dubi tsohuwa, ya sunkuyar da kai. "Iya, ki yafe ni. Ranar hutu da hantsi na huda. Manaja ya ce fanka za a sa. Ya aiki Baba maigadi kasuwa kafin in fara. Da na ji an kama shi, tsoro ya hana ni zuwa."

"Ruwan da na ɗibar maka ya fi ƙarfin wannan tsoron," ta ce. Ba ta ƙara kallonsa ba.

A ofis aka ajiye gungumen a gaban manaja. 

"Ni na kwashe kayan, kaɗan-kaɗan, ta ƙofa," ya ce. "Mai kantin ya kusa dawowa daga tafiya, sai na sa aka huda don a ce ɓarayi ne. Na ga tsoho ne, ba shi da kowa."

"Yana da ni," in ji ta.

Saja ya sa wa manaja ankwa ya wuce da shi.

Aka fito da maigadi, ba hula, wandonsa a hannu don an karɓe mazagin. Bai dubi kowa ba. Sufeto ya ɗauko hular da kansa daga kanta ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, kuskure aka yi. Ku je gida ku huta."

Tsohuwa ta tare ƙofa.

"Aka yi? Wa ya yi? Jikarsa kwana huɗu ba ta je makaranta ba, ana kiranta jikar ɓarawo. A ƙofar gidanmu ka tsaya da motarka ka faɗa, maƙwabta suna ji. Can za ka koma, da kakinka, da rana tsaka, ka faɗa da ƙarfi cewa kai ne ba ka duba ba. Ɗauki makullin motar. Ina jiranka."