Gadon da Ke Kusa da Nata

A ɗakin wankin ƙoda ya fara ganinta, ta ƙudundune cikin bargo, idanu kaɗai a waje. Shi mai gyaran waya ne, gadonsa na kusa da nata.

"Sannu, 'Yar Bargo."

"Sannu, Maƙwabci. In ka yi minshari zan sa nas ta canza maka gado."

Tun daga ranar, inji na wanke musu jini, su suna hira. Da ya tura manya, babanta ya ce a'a. Marasa lafiya biyu a gida ɗaya, wa zai riƙe wani?

Sai yayansa ya ba shi ƙoda. Aiki ya yi kyau, ya daina zuwa wanki, aka ba wani gadonsa: malamin makaranta, mai baki kamar rediyo, kuma ba shi da aure.

Ranar da likita ya ba shi izinin shiga mutane ya zo duba ta. Tun daga baranda ya jiyo dariyarta. Ya leƙa, sai ga malamin ya miƙo hannu yana gyara mata bargo. Ya juya bai shiga ba.

Ya tura mata saƙo: "Na ga an yi sabon maƙwabci. Allah ya sanya alheri."

Ta amsa: "Amin. Shi dai ya san sanyin inji, kai ka manta. Je ka wajen lafiyayyun 'yan matan da ke cika maka shago. Ƙanwata tana ba ni labari."

Ya karanta, ya sake karantawa. Ashe ita ma wutar kishi na cin ta.

Ya koma wajen babanta. Dattijon ya dube shi da kyau.

"A da ciwonka nake tsoro, yaro. Yanzu lafiyarka nake tsoro. Za ka gaji da ita."

Ranar wankinta ya rufe shago, ya shigo da kujerar roba, ya dasa ta tsakanin gadajen biyu.

"Malam, a ɗan rage murya, matata na hutawa."

Ta leƙo daga bargo. "Matarka tun yaushe?"

"Tun kafin a kawo shi."

Malamin ya kwashe da dariya. "Bawan Allah, gara da ka zo! Labarinka nake sha har kunnena ya fara ciwo."

Mai gyaran waya kam bai yi dariya ba, ya ƙara gyara kujera.

Bai sake fashi ba. Duk zuwan da babanta zai yi, a nan yake tarar da shi, yana mata tausa a ƙafa, yana hararar malamin. Wata rana dattijon ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya ce, "Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure washegarin wanki, ranar da jikinta ya fi ƙarfi. Baban ya dafa kansu, ya ce:

"Allah ya ba ta lafiya yadda ya ba ka, ya bar ku tare."

Amin ɗin ango ta fi ta kowa ƙarfi.