Rabin Waƙar da Aka Hana Ji

Da safiyar Talata, a wani asibitin kuɗi da ke unguwar Al-Shifa a Riyadh, nas Zahida ta danna rikodar da ke gefen gadon Mista Reinhold, ta ji shiru. Ta buɗe, babu kaset.

Reinhold tsohon injiniya ne Bajamushe, shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Kaset ɗin muryar marigayiyar matarsa ce, tana rera wata waƙar tuba ta addininsu da aka tsara sama da shekara ɗari biyu, fiyano na bin ta a hankali. Ko ba ka jin Jamusanci, ka san bawa ne ya durƙusa yana neman gafara, kuma tsigar jikinka sai ta tashi. Kullum aka kunna sai tsohon ya yi hawaye, jininsa ya hau. Shi ya sa likitansa, Dakta Musaddiq, ya kafa doka: a riƙa kashewa a tsakiya.

Mudir, shugaban asibitin, bai ja zance ba. "Kayan majiyyaci amanarki ce. In bai fito yau ba, khalas, shi ke nan, ki haɗa jakarki sai Najeriya."

Zahida ta tafi da kuka wajen Hamsatu, babbar nas ɗin sashen, mace mai ido kamar na uwar miji a kicin.

"Share hawayenki, ƙanwata. Rikodar na nan? Agogonsa fa?"

"Duk suna nan, Anti."

"To ba ɓarawon kuɗi ba ne."

Ban da Zahida, mutum huɗu suka shiga ɗakin jiya, Hamsatu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Rahina mai shara ta ce ita da mai gadi suka shiga, suka fita tare. Mai gadin ya tabbatar. Dakta Musaddiq ya yi dariya.

"Sista, a ina zan saka kaset a zamanin nan? Ko a gidan tarihi na Al-Murabba?"

Hamsatu ta riƙe wannan maganar. Saura Maulud, mai motsa wa majiyyata gaɓoɓi. Ta same shi yana naɗe tawul, yana wani ɗan gunaguni mai daɗi a maƙoshi.

"Malam Maulud, ka taɓa jin waƙar nan a wani wuri?"

"Ni? Sai dai a ɗakin, Sista. Ko sunanta ban sani ba."

"Tsohuwar motarka na nan?"

"Tana waje. Lafiya?"

"Mu je ka buɗe mana."

Kaset ɗin na cikin rediyon motar. Hamsatu ta juya ga Zahida.

"Wanda ya ɗauki kaset ya bar rikoda, yana da abin sakawa. Duk asibitin nan motarsa kaɗai ta kai wannan tsufan. Sannan abin da yake rerawa: zubin waƙar ne, amma da sauri, da fara'a. Mu ba mu taɓa jin wannan wurin ba, don kullum a tsakiya ake kashewa."

Maulud ya sunkuyar da kai. "Wallahi da asuba na so in mayar, na tarar da mutane. Kullum sai a yanke matar tana tsakiyar roƙo. Na kasa haƙura, ina so in ji ko an amsa mata."

"An amsa?"

"Sista, sai kin ji da kunnenki."

Mudir ya ba Maulud gargaɗin ƙarshe, ya ce Zahida ta koma bakin aikinta. Hamsatu kuwa ta tsare Dakta Musaddiq har ya yarda a bar waƙar ta kai ƙarshe sau ɗaya, yana tsaye.

Aka kunna. Hawayen suka zo, jinin ya hau. Zahida ta kai yatsa kan maɓallin da ta saba dannawa, Hamsatu ta riƙe mata hannu. Sai fiyanon ya ware, muryar ta ɗaga, ta cika ɗakin da irin farin cikin wanda aka ce masa an yafe. Jinin ya fara sauka. Kunya ta kama Hamsatu: duk kwanakin nan a bakin ƙofar gafara suke barin bawan Allah.

Da waƙar ta ƙare, tsohon ya motsa leɓe da ƙyar. Zahida ta kai kunne.

"Anti, ya yi magana!"

"Me ya ce?"

"Sunan matarsa ya kira."