Za Mu Kama Iska

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, aka fara zaluntar gidan tela, kuma a gaban jama'a aka fara.

Kamfanin da ya gina katafaren gidan ajiyar bayanai a bayan unguwa ne ya kira taro a ranar. Ginin ba shi da taga ko ɗaya. Kwamfutoci ne jere a cikinsa, suna shan wutar da ta ishi gari guda. Tun da ya fara ruri, wutar gidaje ta zama baƙuwa. Tela ya rufe kekensa mai lantarki da zane, ya ciro tsohon na ƙafa, keke na ƙara, gwiwa na ƙara. Da koke ya yi yawa, kamfanin ya sare itatuwan kan tudu, har da tsohuwar tsamiya, ya kafa dogayen fankoki masu samar da wuta da ƙarfin iska, ya ce kowa zai wadata.

Auta, 'yar tela, aka zaɓa ta karanta jawabin buɗewa, don babu yarinyar da ta kai ta iya karatu a bainar jama'a. Ni na koya mata tsayawa a waƙafi kafin in yi ritaya, saboda haka na san abin da nake faɗa. Ba ta ga takardar ba sai a kan dandamali. Wanda ya fassara jawabin, ko mutum ne ko na'ura, ya rubuta: "Daga yau za mu kama iska, mu sa ta yi mana aiki dare da rana, ba hutu." Ta karanta yadda aka rubuta, murya garau ta lasifika, tudu ya amsa. Manyan baƙi suka tafa. Tsofaffin da ke bayan rumfa ba su tafa ba. Ɗan aji uku ma ya san iska biyu ce: akwai mai kaɗawa, akwai wadda ba a kiran sunanta da magariba.

Da yamma gidan ya kasance kamar kullum. Babu wuta. Uwar Auta tana kwashe shanya, tela yana alwala a bakin rariya, yana tsokanar Auta wai yanzu ta zama babbar mutum, sai an nemi izini kafin a aike ta. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Suka ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya sauka a tsakar gida a hankali, kamar an ajiye shi. Uwar ta taɓa, ta ji shi da sanyi kamar daga rijiya aka ciro shi. A cikin ɗaki kuwa, fankar sama ta fara juyawa.

"An kawo wuta ne?" in ji uwar.

Ƙwan fitila bai kama ba. Auta tana zaune a ƙarƙashin fankar, ta ɗaga kai tana kallonta. Aka kira sunanta, shiru.

Daga ranar ba ta ƙara magana ba. Tana ci in an ba ta, tana kwanciya in an kwantar da ita. Amma da rana ta yi ja, jifa zai fara, kuma a bayan ɗakin ɗinki a riƙa jin wata murya tana kira, irin kiran mai neman 'ya'yanta a cikin kasuwa. An kai yarinyar asibiti, likita ya duba maƙogwaro ya ce lafiya lau. Maƙwabta suka daina aron tsintsiya a gidan. Masu ɗinki suka zo suka karɓe yadinsu a yanke. Tela ya naɗe musu har da ƙyallayen.

Ƙanwar uwar ce ta kawo malam, wani dattijo mai tari, wanda ba ya gaggawa. Ya zo dab da magariba, ya zauna a kan tabarma, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Ya daɗe. Fankar tana juyawa, tana juyawa, sai ta tsaya cak. Auta ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito, gajiyayyiya.

"Malam, ka daina ƙona ni. Ban zo cuta ba."

Ya tambaye ta wace ce, kuma me ta riƙe a jikin 'yar mutane. Ta ce a tsamiyar kan tudu take tun kafin a yi unguwar, ita da 'ya'yanta. Ranar da aka sare itacen ba wanda ya yi musu sallama, suka watse. Ta haƙura, tana nemansu cikin duwatsu, sai ta ji yarinya ta shelanta cewa za a kama su a sa su bauta. Da jin haka 'ya'yan suka ƙara nisa, har yau ba su amsa kiranta ba.

"Na riƙe bakin ne don kada ya sake faɗa," in ji ta.

Malam ya yi mata bayani a tsanake. Iskar da ake nufi ita ce mai kaɗa ganye, kuma yarinya ba ita ta rubuta ba, miƙa mata aka yi. Daga nesa ana jin rurin ginin. Sannan tsohuwar ta yi kuka, hawayen na bin kumatun Auta. Tela, wanda ya shigo da niyyar tsine wa tsohuwar, ya sunkuyar da kai.

"Baba mai gida, ka yafe mini jifan," ta ce. "Ni ma uwa ce."

Malam ya ce ta fita ba da sharaɗi ba. Ta ce za ta fita, jifa zai daina, hankalin yarinya zai dawo. Amma ƙarfin muryar zai zauna a hannunta, don 'ya'yanta ba za su gaskata maganar da aka yi a ɗaki ba. Abin da aka faɗa da lasifika, da lasifika ake janye shi, kuma daga bakin masu maganar. Ya matsa mata da karatu, ta jure, tana nishi. A ƙarshe ya dubi halin yarinyar, ya karɓa. Auta ta yi atishawa, ta zube a cinyar uwarta.

Jifa ya daina. Auta ta tashi, tana gane kowa, amma sai ka kai kunnenka bakinta kake jin abin da take cewa. A aji an daina tayar da ita karatu.

Tela ya je ƙofar kamfanin. Jami'in da ya fito ya saurare shi yana murmushi, ya ce su da kimiyya suke aiki. Wutar da aka yi alkawari kuma, fankokin suna ta juyawa, ginin ne ke shanyewa.

Ban nemi kamfanin ya yarda da aljanu ba. Abin da nake nema shi ne ya yarda da kuskurensa. Ina so shugabansa ya hau tudun nan da kansa, da rana tsaka, a gaban mutanen da suka tafa, ya ɗauki lasifika ya ce iskar da ke kaɗawa suke nufi, ba wadda za a kama. Sannan ya juyo ya nemi gafarar yarinyar da ya ari bakinta ya ci albasa, da ƙarfi, yadda za a ji shi har bayan duwatsu.