Matsattsaku Mai Gashin Ido

A aji shida akwai wata yarinya da ake kira Gwanar Zane. Hannunta yana da kyau, ita ma ta san haka. Haƙurin sauraro ne dai Allah bai ba ta da yawa ba.

Ranar Litinin Malamar Kimiyya ta shigo da wata kwalba mai faɗin baki. A cikin ruwan akwai matsattsaku biyu, suna miƙewa suna lanƙwashewa.

Gwanar Zane ta yamutsa fuska. "Malama, zuciyata tana tashi," in ji ta. Ta fita baranda, ta zauna tana zanen furanni har aka gama darasin.

Washegari Malama ta kira ta. "Ranar Juma'a iyaye za su zo ganin ayyukanmu. Ke za ki zana mana yadda matsattsaku ke haihuwa, mu manna a bango. Ki leƙa kwalbar, ki kuma karanta abin da muka rubuta jiya."

"To, Malama," in ji ta. Amma ko kusa da kwalbar ba ta je ba.

A gida ta baje takarda a kan tebur. Ta zana babban matsattsaku, ta rubuta namiji. Ta zana ƙarami, ta yi masa gashin ido zara-zara, ta rubuta mace.

Yayanta ya leƙo. "Ke, kin ga abin nan da idonki kuwa?"

"Haba Yaya, me zan gani? Kaza da zakara, tunkiya da rago. Ai duk haka suke."

"To, gani dai ya kori ji," in ji shi, ya wuce abinsa.

Ranar Alhamis ta ɗaga zanen a gaban aji. Sai 'yan aji suka fashe da dariya.

Malama ta tsawatar musu, ta ce, "Zo ki nuna mana namijin a cikin kwalba."

Gwanar Zane ta duba wannan, ta duba wancan. Duk iri ɗaya ne. Kunya ta rufe ta.

"Ba zan manna wannan ba," in ji Malama. "Iyaye za su karanta, su tafi gida da kuskure."

Hawaye suka zubo mata, domin ta riga ta gaya wa Baba zanenta zai kasance a bango. "Malama, ki yi haƙuri. Ban duba ba. Da ka na zana."

"Tunda kin faɗi gaskiya, zo nan."

Malama ta miƙa mata gilashi mai ƙara girman abu. Ɗaya daga cikin matsattsakun ya manne a jikin kwalbar, cikinsa a fili.

"Me kika gani a wajen gaba?"

"Wasu 'yan ramuka biyu, ɗaya a bayan ɗaya."

"Na gaba na namiji ne, na baya na mace. Kowane matsattsaku yana da duka biyun."

"Ikon Allah! Ke nan shi kaɗai yake haihuwa?"

"A'a, sai biyu sun haɗu, ɗaya ya ba ɗaya iri."

Malama ta buɗe littafi, ta nuna mata hoton cikinsa. Jakunkunan iri a jere, biyu-biyu. Jakar ƙwai kuwa biyu ce kacal. Ta kuma nuna mata wani wuri mai kauri kamar ɗamara, wanda ke yin ƙunshin da ake zuba ƙwai a ciki.

Gwanar Zane ta manta da ƙyama. Aka tashi hutun tara, ita tana nan tana dubawa tana zanawa.

Ranar Juma'a Baba ya daɗe tsaye gaban sabon zanen.

"Shekarata hamsin ban san wannan ba," in ji shi. "Kin tabbata, 'yata?"

"Na tabbata, Baba. Na waje da idona na gani, na ciki kuma a littafin Malama. Zo in nuna maka."

Ta ja hannunsa zuwa wajen kwalbar, tana murmushi. Tun daga ranar ta gane cewa zato ba ilimi ba ne. Kafin ka koya wa wani abu, ka duba, ka tambaya, ka tabbatar.