Marigayi a Bayan Ƙyaure

Lauwali Jibrin ya rasu ranar Litinin da hantsi a ƙofar gidansu da ke Jiga Birni, a gaban shaidu tara, cikinsu har da mai unguwa. A daidai wannan lokacin yana Jega Firchin yana koya wa 'yan aji uku Faransanci, kuma ba wanda ya ga ya dace a sanar da shi.

Ga yadda abin ya faru. Inna Talatu, mahaifiyarsa, tana tsakar gida tana ware albasar da ta fara ruɓewa, sai ta ji unguwa ta yi tsit, har kaji. Wata baƙar mota mai baƙin gilashi ce ta tsaya a ƙofar gida ba tare da ta yi hon ba. Mutum biyu suka fito, riguna a goge, ɗaya riƙe da fayil. Baffa Yari, wan mahaifin Lauwali, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar ƙanensa, ya fita wurinsu.

"Nan ne gidan su Lauwali Jibrin?" in ji mai fayil. "Muna so mu ji ko wane irin mutum ne."

Baffa ya dubi motar, ya dubi takalmansu, ya sunkuyar da kai. "Allah ya yi mishi rasuwa."

Bara wasu baƙi sun zo ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, suka tambayi wani manomi cikin ladabi irin wannan. Bayan kwana takwas aka ɗauke shi daga gonarsa, har yau shiru. Tun daga nan garin ya yi wa kansa doka: in baƙo ya tambayi mutum, ba a san shi ba. Baffa gishiri kawai ya ƙara. Maƙwabta suka matso ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Awo, Allah shi jiƙan shi." Wani har ya nuna hanyar maƙabarta da haɓa.

Baƙin suka yi ta'aziyya, suka rubuta, suka bar wata 'yar takarda mai hatimi da lambar waya. Suka ce za su dawo ranar Alhamis su karɓi shaidar rasuwa daga liman ko asibiti, don a rufe fayil.

Maƙwabta tsoro ne ya sa su. Baffa kuwa ya san komai. Sau uku Lauwali yana zama jarabawar shiga Ma'aikatar Harkokin Waje, sai a na ukun ya haye, ya je Abuja ya yi intabiyu. Abin da ya rage shi ne a zo mahaifarsa a bincika halinsa, kuma ya faɗa wa Baffa haka tun mako biyu da suka wuce. Aurensa ma a kan wannan aiki yake rataye, domin Malam Muntari na Giwa Tazo ya ce ranar da takardar aiki ta zo, ranar zai sa rana da 'yarsa Shafa'atu. Amma Baffa ya yi wa ƙanensa alkawari a gadon mutuwa cewa gidansa ba zai zama kango ba, kuma a lissafinsa duk wanda ya hau jirgi da kwat, sai dai a ga hotonsa.

Aka aika wa Lauwali cewa Inna ba lafiya. Ya hau kabu-kabu ya iso da la'asar, aka shigo da shi ta bayan gida. Kafin ya gama sallama an karɓe wayarsa an ɓoye ta a ƙasan kwalla, sannan aka faɗa masa abin da ya faru.

"Inna, ma'aikatan gwamnati ne! Binciken halin nan ne kawai, wallahi na faɗa wa Baffa!"

"Haka su ka ruɗin mutane," in ji Baffa daga bakin zaure. "Yaro na, bai san duniya ba."

Inna ta kau da kai. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari, ba ta ko dubansa ido da ido. Bango ta duba ta ce, "In ka taka ƙohwar ga kahin mutanen ga su zo su tahi, ban yahe ba."

Lauwali ya karanta yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa masu yawa, bai ci karo da wadda ke warware wannan ba. Ya shiga ɗakin ajiye iri ya zauna, aka jawo ƙyaure.

Abin da Baffa bai sa a lissafi ba shi ne direbobin albasa. Kafin azahar ɗin Talata labari ya isa Aliero, ya ratsa kasuwar Jega, ya sauka Maiyama. Mutane suka fara zuwa gaisuwa, su kuwa 'yan gida ba damar ƙaryatawa, tunda ba a san wanda zai kai wa baƙin rahoto ba. Sai aka shimfiɗa tabarmi.

Daga bayan ƙyaure Lauwali ya saurari kansa. Ya ji ashe shi mai haƙuri ne, bai taɓa ɗaga murya ba. Ya ji wata tsohuwa ta ce ta lura da ramarsa tun Sallah. Ya ji wani mutumin Aliero yana rantsuwa cewa ya samu jana'izar, jama'a ta taru ƙwarai. Da farko abin ya ba shi dariya. Zuwa Laraba ya daina. Matan gida suna rage murya in za su wuce ɗakin, suna ɗan kaucewa. Kwanon abinci yana shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure ba magana. Da rana tsaka, haske na shigowa ta wata kafa a bango, ya tsinci kansa yana miƙa hannu cikin hasken don ya ga ko zai yi inuwa. Bushewar idon Inna kuwa ba ta ba kowa mamaki ba, uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, har yaba mata ake yi.

Ranar Laraban nan Shafa'atu ta iso tare da Gwaggo Naja'atu, ƙanwar mahaifinta. Kwana biyu tana kiran waya a kashe, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa gaban Inna ta yi gaisuwa. Can ta nemi wurin alwala, aka nuna mata bayan ɗakin iri.

Ba kowa a wurin. Iska ba ta motsi. Ta ɗaga buta ke nan sai bango ya ce, a hankali, "Shafa."

Butar ta faɗi. Ta fara karanto duk abin da ya zo bakinta.

"Shafa, ni ne. Kar ki yi ihu, don Allah."

"Innalillahi! Lauwali, mi na yi maka? Ka tahi inda Allah ya kai ka!"

"Ɗakin iri ya kai ni. Leƙo ta kafar nan."

Ta leƙa. Ido ne, yana ƙiftawa, kuma ɗakin warin albasa yake, ba turare ba. Ta zame ta zauna a ƙasa, kuka da dariya suka haɗe mata. Ya ba ta labari a taƙaice, ya ce in gobe aka rufe fayil ɗin, sunansa ya fita daga lis ke nan.

"To ka hito mana!"

"Inna ta ce ba ta yafe ba."

Shafa'atu ta share fuska da gefen hijabi. Ba ta ce ya saɓa wa uwarsa ba. Ta koma ta raɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta ce a ba su wuri su uku a ɗakin Inna.

Kan Shafa'atu a ƙasa, kamar yadda ya kamata ga wadda ke gaban uwar mijin da za ta aura. "Inna, ki gahwarce ni. Takardar da sunka bari, ina iya ganin ta?"

Inna ta ciro ta daga ƙarƙashin filo. Shafa'atu ta karanta mata sannu a hankali, ta nuna mata hatimin.

"Inna, masu ɗaukar mutane ba su barin lambar waya. Ba su neman takardar liman. Ba su kuma hwaɗin ranar da za su dawo."

Gwaggo Naja'atu, wadda ba ta da surukar da za ta ji wa kunya a gidan, ta ɗora. "Talatu, jiya an yi mishi addu'a a masallacin Giwa Tazo. Kin ji tsoron a raba ki da ɗa, sai kinka riga kowa. Wa yac ce miki ɓarayi na?"

"Yaya Yari."

"Shi wa yac ce mishi?"

Inna ta daɗe tana kallon takardar da ba ta iya karantawa, sannan hawayen da aka yi kwana biyu ana yaba mata rashinsu suka zubo.

Ranar Alhamis da hantsi baƙar motar ta dawo. Tabarmi cike da masu gaisuwa, Baffa a tsakiya yana jan carbi. Ya buɗe baki zai ce liman ya yi tafiya, sai aka ji ƙarar ƙyaure daga cikin gida. Inna Talatu, wadda ba ta taɓa tsayawa a zaure gaban maza ba, ta fito lulluɓe, riƙe da hannun wani dogon mutum mai ɓawon albasa a gashi. Mutumin Alieron nan da ya samu jana'iza ya tashi ya bar takalmansa.

Mai fayil ya dubi hoton da ke hannunsa, ya dubi Lauwali. "Wannan ne marigayin?"

"Shi na," in ji mai unguwa, yana kallon ƙasa.

Mai fayil ya juya ga Inna. "Hajiya, ke ce mahaifiyarsa? Sai kin faɗa mana sunansa da bakinki."

"Lauwali," ta ce. "Lauwali Jibrin. Ni na haihe shi, lahiyarshi lau. Mu munka yi ƙarya."

Baffa ya ajiye carbi. "Ba su ba, ni na. Na san ko ku su wa ne. Gidan ƙanena ni ka tsoron shi mutu." Ya rufe fuska da hannun riga. Mai fayil ya rubuta wannan ma.

Ba a nan wahala ta ƙare ba. Mutumin da garinsu ya ce ya mutu ranar Litinin ya tashi ranar Alhamis, dole a sake bincikensa tun daga tushe. Abokan jarabawarsa suka shiga horo ba shi. Malam Muntari ya ce ba zai haɗa zuri'a da gidan da ke binne mai rai ba, ya nuna wa 'yarsa cewa masu nema ba su ƙare ba. Shafa'atu ba ta yi masa musu ba, ba ta kuma saurari kowa ba. Duk wanda ya yi sallama da ita, sai ta aika a ce tana da ciwon kai. Wata goma sha huɗu tana wannan ciwo. Shi kuwa Lauwali ya koma aji uku, kuma bai taɓa fasa gaida Baffa da safe ba in ya zo gida. Wannan ya fi zagi yi wa tsohon ciwo. A ƙarshe Baffa da kansa ya je Giwa Tazo, ya durƙusa gaban Malam Muntari, duk da Baffan ya girme shi da shekara goma, ya ba da haƙuri.

Takarda ta zo a wata na goma sha biyar. Aka ɗaura aure bayan mako uku.

Darasin a fili yake, amma bari a faɗa tunda al'ada ce. Ƙaryar da aka yi don ƙauna ƙarya ce, kuma wanda ake ƙauna shi ke fara ɗanɗana ta. Iyaye su tambaya kafin su yanke, 'ya'ya su yi haƙuri ba tare da sun saki gaskiya ba, Allah ba ya tozarta mai yin haka.

Bayan shekara uku a hedikwata aka tura Lauwali ƙasar waje, Baffa ya yi kwana biyu bai ci abinci ba kafin a faɗa masa wurin. Yamai ce. Ta fi Abuja kusa da Jega.