Kimba a Kwalba ta Uku

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis aka bugo wa Insfekta Rashad waya daga wata gona a arewacin Doha. An kama jarka cike da giya a bayan firji, kuma ana sace ruwan inabin gonar.

Da jin haka ya ɗauki makullin mota. Shekararsa goma sha biyu yana aiki, bai taɓa jin ana noman inabi a wannan rairayi ba, shi kuwa mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Kakanninsa Hausawa ne da suka yada zango a Sudan kan hanyar aikin hajji, don haka duk ƙarar da ta shafi masu jin Hausa teburinsa take faɗowa.

Inabin a cikin rumfunan gilashi masu sanyi yake. Gefe guda ga ɗakin ɗanɗano, inda baƙi daga birni ke zama a jera musu kofuna huɗu na ruwan inabi mara sa maye, su kurɓa su zaɓi wanda za su saya.

Mai gonar, dattijo Abu Saifuddeen, ya tarbe shi rai a ɓace. Ya nuna jarkar. An manna mata takarda da rubutun biro: "Giyan coci, na Lahadi. Nanret."

"Wace ce Nanret?"

"Ma'aikaciyata, 'yar Nijeriya. Ita ke auna zaƙi ta rufe kwalabe. Direbana Bawah ya gano jarkar, shi ya fassara mini rubutun. Khalas, shi ke nan, ku tafi da ita."

"Za mu tafi da wanda ya yi," in ji Rashad. "Tukuna dai a ba ni in ɗanɗana abin da kuke ba baƙi."

Dattijon ya dube shi kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa yana tambayar tuwo, amma ya jera kofunan.

Na farko fari ne, mai ɗan tsami. Na biyu zaƙinsa har maƙogwaro. A na uku, ja, Rashad ya tsaya. Ya sake kurɓa, ya juya shi a baki. Akwai inabi, amma a ƙarƙashinsa akwai zoɓo, can baya kuma wani yaji-yaji da ya sani sarai. Kimba ce. Ya taɓa shan irinsa a wani gidan abinci na 'yan Gana a unguwar Mansura.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a kira Nanret.

Mace ce mai kimanin shekara arba'in, 'yar Filato, sanye da farar rigar aiki. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta san abin da ke jiranta: gidan yari, sannan a sa ta a jirgi da tambarin da ba za ta sake samun aiki a ƙasashen nan ba.

"Kin taɓa fita da kwalba daga gonar nan?"

"Ban taɓa ba, yallaɓai."

"Kyamarar ƙofa za ta faɗi haka?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗaya nake saya duk wata, a kantin gonar. Na jibin Ubangiji ne a cocinmu. Tsoro ya sa na ce a'a."

"Karanta mini wannan."

Ta karanta takardar, sai tsoron ya koma ɓacin rai. "Giya? Yallaɓai, ko yaron da aka yi wa baftisma jiya ba zai kira shi giya ba. Ruwan inabi muke cewa, haka yake a Littafi. Mu ma namu ba mai sa maye ba ne. Kuma wace Lahadi? A nan ran Juma'a muke sujada, Lahadi ina bakin aiki."

Rashad ya rubuta wannan, abin ya ba shi sha'awa. "Bayan kin rufe kwalabe, wa ke ɗauka?"

"Bawah. Shi ke kawo su nan daga ɗakin sanyi."

"Kin ga wani abu da bai yi miki ba?"

"Jiya na ga launin jan ya canja a kan tebur. Ban sha ba, ina da ciwon suga. Na ce wa Bawah yau zan auna shi."

"Wa kika gaya wa ban da shi?"

"Ba kowa."

Bawah ya shigo da fara'arsa, ƙato ne, ɗan zangon Kumasi ta Gana. Ya gaida Insfekta har da rusunawa.

"Maigida, ni direba ne kawai. Ban san komi cikin harkan inabi ba."

"Yaya aka yi ka ga jarkar?"

"Wari na ji. Na duba, na ga sunan shi."

"Sunanta."

"Eh, sunan Nanret. Abin ya dame ni, wallahi. Mutumin kirki ne."

Rashad ya tura kwalba ta uku, ta jan inabin, gabansa, a rufe. "An gurɓata wannan. Ana zuƙe rabin inabin a yi giya da shi, a cike gurbin da wani abu. Kana ganin ita ce?"

"Wa kuma? 'Yan Nijeriya ai sun iya dafa sobolo."

Rashad ya ajiye biro. "Sobolo?"

"Zoɓo, yadda kuke cewa."

"Na san shi. Abin da ban sani ba shi ne wanda ya gaya maka zoɓo ne a ciki. Ni kaɗai na ɗanɗana, ban kuma faɗa ba."

Fara'ar ta gudu daga fuskar Bawah. "Launin ne na gani."

"Kwalbar baƙa ce, a rufe take. Bari mu je mu duba motarka."

Ba su sha wahala ba. A ƙarƙashin kujerar baya akwai buhun busasshen zoɓo, da mazurari, da ƙullin kimba a leda. Bawah ya zauna a kan taya, ya riƙe kai.

"A unguwar Sanaiya nake sayarwa," ya ce a hankali. "Leburori na saye. Da ya ce zai auna, na san asirina ya tonu. Na taɓa ganin shi da kwalba yana cewa na coci ne, sai na rubuta haka."

"Ka rubuta giya, ka rubuta Lahadi. Shekara nawa kuna aiki tare?"

"Shida."

"Shekara shida, ba ka san ranar da take zuwa coci ba." Rashad ya girgiza kai. Ya ɗaga ƙullin ledar. "Abu ɗaya ya rage nake son sani, don kaina. Kana son zoɓo ya wuce a matsayin inabi. Me ya kai ka sa kimba?"

Bawah ya dubi ledar kamar yau ya fara ganinta. "Haka uwana ke dafawa. Ban iya shi babu kimba ba."

Aka sa masa ankwa, kurtu biyu da aka kira suka shiga da shi mota. Bai ɗago ya dubi Nanret ba, ita kuwa tana tsaye a bakin rumfa tana share hawaye da hannun riga. Tausayinsa take ji, kuma tana jin haushin kanta da take jin tausayin.

Abu Saifuddeen ya daɗe yana tsaye, kunya ta rufe shi. Can ya shiga ɗakin sanyi da kansa, ya fito da kwalbar jan inabi wadda ba a taɓa ba, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya juya ga Rashad ya tambaye shi da Larabci yadda ake kiran abin a harshensu.

Rashad ya gaya masa. Dattijon ya gwada sau biyu kafin bakinsa ya kama.

"Ruwan inabi," ya ce mata. "Na gobe Juma'a."